Jan Fentin Masu Katako

Ba su ƙwanƙwasa ba. Guduma ne ya sa wa ƙofar ƙafa, sakata ta yi tsalle ta faɗa bokitin wanke buroshi, ruwan ya fantsama har bango. Auta na tsaye a kan kujera da wuƙar fenti a hannu, tana gyara wani reshe a can saman zanenta. Ta waiga ta ga ɗan kawun nata, Guduma, ya cike ƙofa, da adda a hannunsa. A bayansa ga Kawu da kansa yana hawo matakala yana haki, cikin farar rigar nan tasa da ko ƙura tsoronta take ji.

"Kawu, lafiya? Wani abu ne ya sami Mama?"

Abin da ya fara zuwa bakinta ke nan, don Kawu bai taɓa taka ɗakin nan ba. Shi mai injin yanka katako ne, mai motoci da ma'aikata, kuma a ganinsa zane ba sana'a ba ce, ɓarnar fenti ce da 'yar yayarsa ta ƙi girma ta bari. In irin wannan mutumin ya hawo maka bene da rana tsaka, to ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.

Guduma ya tako ciki. Tun yana yaro duk abin da ya ƙi buɗuwa dukansa yake yi, har sunan ya bi shi. Ya shuri ƙafar kujerar. Auta ta zo ƙasa da kafaɗa, haƙoranta suka datse harshenta, bakinta ya cika da jini. Kafin ta tattara hankalinta ya damƙi wuyan rigarta, ya ja ta a ƙasa ta kan gwangwanaye da tsummokara, ya yar da ita a gaban zanen. A ƙasan benen mai faci ya kunna injin ba taya iska, duk ihun da za ta yi ba mai ji.

Zanen ya fi ta tsawo, faɗinsa kuma ya kusa cinye bango. Shi ne babban aikin da za a rataye a zauren nuni ƙarshen mako. Daji ne, amma ba dajin da ido ya saba gani ba, don Auta ba ta shiri da kore mai ladabi. Sararin sama ta yi shi ruwan lemo kamar bakin murhu, ƙasa kuma shunayya. Kututturan bishiyoyin da aka sare sun bazu ko'ina, shuɗi da rawaya da ruwan hoda, fentin ya yi tudu-tudu inda ta ɗora shi da wuƙa ta ja da ƙarfi. Wanda ya tsaya kusa sai ya ce mai aikin ta haukace. In ya ja da baya kuwa sai ya ji kamar yanzun nan aka kashe zarto. A tsakiyar wannan ɓarna ga wata ƙatuwar bishiyar maɗaci a tsaye ita kaɗai, a jikinta akwai alama da jan fenti: layi biyu a tsaye, da ɗigo a tsakaninsu.

Kawu ya nuna alamar da yatsa.

"Wa ya kai ki wurin nan?"

"Ba wanda ya kai ni, Kawu. Ni na je da ƙafata."

Ya sharara mata mari da bayan hannu, zobensa ya tsaga mata kunci.

"Uwarki ta zo tana ta nuna min a waya, wai in ga aikin 'yarta. Allah ya so idonta ba ya kama ƙananan abubuwa. Na ce wa ya kai ki?"

Gaskiya ta faɗa masa. Dajin nan shi ne wanda yayanta yake gadi. Malamin daji ne, mai koren kaki da takalmi mai nauyi, irin mutumin da zai hana kawunsa na jini sare bishiya da safe, da yamma kuma ya zo ya gaishe shi cikin ladabi. Shekarun baya ya fita aiki bai dawo ba. Kawu ne ya kawo labari, wai ya haɗa baki da ɓarayin katako, da aka gano shi sai ya tsallake ƙasar ya bar su da abin kunya. Mama ta yi kuka har ta gaji, sannan ta cire hotonsa daga bango ta bar ƙusar. Tun ranar bakinta bai sake cewa "ɗana" ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan".

Auta kuwa kewarsa ce ta kai ta dajin. Ta yi ta tafiya har hanya ta ɓace mata, ta ɓullo a wani fili da aka yi wa aski ƙwal, sai bishiya guda. Ta gane alamar, ta gidansu ce, tun zamanin kakanta da ita ake nuna bishiyar da za a kayar. Abin ya ba ta sha'awa: an yanke wa bishiya hukunci, an tafi an manta da ita. Ta zauna a kan kututture ta zana. Iyakar saninta ke nan.

"Ƙarya kike yi," in ji Kawu. "Direba ne? Ko ɗaya daga cikin masu zarto? Faɗa min ɗan iskan."

"Wallahi ba kowa."

Ya ɗaga wa ɗansa gira. Guduma ya murɗe mata hannu ta baya, ya kama ƙeyarta ya buga fuskarta da teburin haɗa fenti. Ta ji hancinta ya yi ƙas. Da ya ɗago ta, jini da shuɗin fenti ne ke gangarowa tare zuwa haɓarta, ɗakin kuma yana juyawa. Ya sake ta, ta zube.

Kawu ya tattare bakin rigarsa kada ta taɓa ƙasa, ya tsuguna a gabanta. Ko a irin wannan lokaci bai manta da rigar ba. Ya rage murya, numfashinsa yana dukan fuskarta.

"Kin taɓa ƙasar da ke gindinta? Kin tona?"

Da ya yi shiru da bakinsa, da Auta ta mutu ba ta sani ba. Amma tsoro ba ya barin mutum ya auna magana. Tambayar ta shiga kunnenta, ta buɗe wani abu da ta daɗe da mantawa. Lokacin tana ƙarama, in Mama na taje mata kai, takan ba ta labarin sana'ar gidansu. Mama 'yar masu katako ce, a bakin injin ta girma. Ta ce akwai dokar da kakansu ya bari: in mutum ya mutu a gindin bishiyar da aka yi wa alama, ba a sake sa mata zarto har abada, kuma ko dukan mai zarto za ka yi ba zai kusance ta ba. Mama ta san irin waɗannan bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, da sunan mutumin da ya faɗi a gindin kowacce. Kuma kowa ya san bugun ƙirjin da Kawu yake yi, cewa tun da aikin ya dawo hannunsa ba a taɓa rasa rai ba, ba a kuma taɓa barin bishiya mai alama a tsaye ba.

Ta dubi zanenta. Ta tuna yadda ƙasar gindin ta ɗan lotsa, yadda ciyawar wurin ta fi ta ko'ina duhu. Ita da hannunta ta zuba wa wurin kore mafi kyau, tana jin daɗin launin.

"Yaya," ta ce. Ba tambaya take yi ba.

"Shi ma taurin kai gare shi irin naki," in ji Guduma. "Baba ya ce masa ya kau da kai, ya ƙi, ya tsaya ya jingina bayansa da ita wai sai dai a haɗa da shi…"

"Rufe min baki, jaki!"

Kawu ya miƙe ya zabga wa ɗan nasa mari, ƙaton ya sunkuyar da kai kamar yaro. A nan Auta ta yunƙura. Ba ta san lokacin da ta tashi ba, sai ji ta yi tana ƙara irin wadda ba ta san maƙogwaronta na da ita ba, yatsunta na neman idon Kawu. Guduma ya tare ta a hanya. Ta dasa haƙora a damtsensa, ta ƙi saki har ta ji nama ya motsa a bakinta. Ya yi ihu, ya naushe ta a ciki, ya ƙara, ya ɗaga ta ya maka da bango. Ƙananan zanukan da ke rataye suka zubo mata a ka. Ya bi su da adda ɗaya bayan ɗaya: kogin da ta yi wata tana fama da shi, gonar furanni, fuskar Mama da ba ta gama ba. Ƙyalle yana ƙarar yagewa, katakon firam yana tsalle. Ya taka wayarta har ta zama gari. Sannan ya juya ga babban zanen ya ɗaga addar.

"Kai, wawa, tsaya!" Kawu ya riƙe masa hannu. "Uwarta ta gaya wa duk unguwa, har sabon kaya ta ɗinka don ranar. In wannan ya ɓace za ta yi tambaya, kuma ka san in ta fara tambaya ba ta tsayawa."

Ya juyo ga Auta, wadda ke kwance tana neman iska.

"Tashi ki rufe alamar. Ita kaɗai. Bishiya a daji ba laifi ba ce."

Ta tofar da jini. "Zan gaya mata."

"Gaya mata mana." Ya yi murmushi. "Ba ki taɓa gwadawa ba? Me ya faru?"

Ya san inda ya taɓa. Sau ɗaya Auta ta taɓa cewa ita ba ta yarda da labarin Kawu ba, Mama ta ɗauke ta da mari, ta kuma daina yi mata magana har sai da ta durƙusa ta ba da haƙuri. "Ƙanena da na goya a bayana ne zai yi min ƙarya?" Haka ta ce. Mama ba ta karɓar zance a kan Kawu daga bakin kowa. Abin da idonta ya gani kaɗai take yarda da shi.

"Daga yau uwarki tana gidana," in ji Kawu. "Wayarta ma ta faɗa ruwa, abin tausayi. Ni zan kawo ta wurin nunin, ni zan mai da ita. Kin san hawan jininta, kuma matakalar gidana tana da santsi. Tashi."

Ta tashi da dafa bango. Baƙin ciki ya cika mata ƙirji har ya danne zafin jiki. Ba mutuwar Yaya ce kaɗai ke cin ta ba, don zuciyarta ta daɗe da raya mata cewa ba ya duniya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙusar nan da ke bangon Mama. An kashe shi, sannan aka sa uwarsa ta tsane shi. Shekaru yana kwance a gindin bishiya, ita kuma tana ce masa "wancan".

Ta miƙa hannu za ta ɗauki baƙin fenti, don jikin bishiyar duhu ne.

"A'a," in ji Kawu. "Kin mai da ni yaro? Baƙi a kan ja ai ana ganin sawu. Sa fari. Fari ne ke rufe komai, ko gida za a yi wa fenti da shi ake farawa."

Hannun Auta ya tsaya a sama.

Jan da ta yi alamar da shi ba irin na masu zane ba ne. Na masu katako ne, na gwangwani, wanda Kawu ke saya wa ma'aikatansa. Da ragowarsa ta fara zane tana yarinya a bayan injin, kuma har yau ba ta sami jan da ya kai shi fushi ba. An yi shi ne don ya kama ɗanyen ɓawo ya kuma jure ruwan sama. Kawu ya san wannan sarai, amma bai taɓa ɗora wani launi a kansa ba, don ba mai yi wa bishiya fenti sau biyu. Auta kuwa ta sha asarar aiki kafin ta koyi halinsa. Shi ake sawa a ƙarshe, a saman komai, domin duk abin da ka rufe shi da shi sai ya huda ya fito. Baƙi mai kauri ne kawai ke iya ɓoye shi. Fari kuwa, in aka tsinka shi da tina, ruwan nan na narkar da fenti, kiran jan yake yi.

"To, Kawu," ta ce.

Ta matso fari, ta ɗiga masa rawaya kaɗan, ta zuba tina fiye da ƙima tana juyawa. Jini na ɗiga daga hancinta a kan teburin. Ta shafa a hankali, ta mai da wurin kamar hasken rana da ya faɗo a jikin bishiyar. Layin farko ya ɓace, ɗigon ya bi shi, sannan ɗayan layin. Ko a cikin wannan hali sai da ta gyara gefen hasken, don hannu ba ya barin halinsa. Abin haushi, zanen ma kyau ya ƙara.

Kawu ya matso ya duba, ya ja da baya ya sake dubawa, ya gyaɗa kai.

"Ashe kina da amfani. Saura abu ɗaya. In mun tafi za ki ɗauki buroshi ki mayar."

"Ba zan mayar ba."

"Na sani."

Guduma ya kama hannunta na dama ya shimfiɗa a kan teburin. Sai a lokacin ta gane. Ta yi ta fizga, tana kiran Kawu, tana tuna masa cewa shi ya kai ta makaranta ranar farko. Kawu ya sunkuya ya ɗauko babban gwangwanin jan fentin daga ƙarƙashin tebur, cike yake, ya miƙa wa ɗansa, shi kuma ya ja gefe saboda rigarsa. Gindin gwangwanin ya sauko a kan yatsunta. Ta ji ƙarar a cikin kanta kafin ta ji zafin. Ya ɗaga ya ƙara, ya kuma ƙara, har ihunta ya ƙare ya koma gurnani.

"A matakala kika faɗi," in ji Kawu daga bakin ƙofa. "Ke dama ba ki kallon gabanki."

Suka ɗauki zanen su biyu suka sauka da shi. Mai faci ne ya hawo daga baya, da ya ga ƙofa a karye, ya same ta a dunƙule a cikin tarkacen aikinta. Shi ya kai ta asibiti.

Likita ya ɗaure hannun, ya dubi fuskarta, ya dubi hoton ƙashin, ya ce wannan matakala tana da mugunta. Ta tambaye shi ko za ta sake riƙe buroshi. Ya ce cokali dai za ta riƙe, sauran sai an gani. Ba ta yi kuka ba. Kwanakin da suka rage ta yi su a kwance tana kallon silin, tunaninta guda ne. Ta san halin jan nan, amma ba ta san saurinsa ba. Wani lokaci kwana ɗaya ya ishe shi, wani lokaci sai ya yi mako yana lalaci. In ya fito da wuri, Kawu zai gani ya ƙone zanen. In ya makara, Mama za ta zo ta yaba hasken rana ta koma gida, ita kuma ta ba da hannunta a banza.

Ranar buɗewa ta je zauren da la'asar, fuska a kumbure, hannu a rataye a wuya. Wurin ya cika da mutane masu ƙamshi, suna riƙe da kofuna, suna karkata kai a gaban zanuka kamar masu ciwon wuya. Matar da ke da zauren ta tarye ta da salati, ta ce ɗan kawun Auta ne ya kawo babban aikin, ita kuma ta rataye shi ta saki labule a gabansa, ba wanda ya leƙa, sai an taru za a yaye. Fitilu masu zafi suna haska labulen tun safe.

Kawu ya shigo riƙe da hannun Mama, cikin wata farar rigar da ta fi ta ranar haske. Guduma na biye da su, damtsensa a naɗe. Mama ta hango 'yarta, ta saki hannun ƙanenta ta taho da sauri.

"Auta! Wannan wace irin faɗuwa ce? Ƙarami ya ce min ɗan targaɗe ne."

Ita kaɗai ce a duniya ke kiran Kawu da Ƙarami. Ta kama fuskar Auta tana juyawa, ta daɗe tana kallon tsagar da ke kuncinta.

"Matakala ce, Mama," in ji Auta, idon Kawu na kanta. "Zo ki tsaya nan gaba, kin san idonki."

Mai zauren ta yi ɗan jawabinta, ta ja igiya, labule ya zame. Mutane suka ja numfashi, wani ya fara tafi. Auta ta kasa ɗaga kai. Takalman Kawu take kallo, sai ta ga sun ja baya.

Ta ɗago. A tsakiyar farin hasken da ke jikin bishiyar, jan ya fito. Bai fito da kunya ba. Ya huda farin ya yi jajir, gefensa ya jiƙe ya bazu, ɗigon tsakiya har ya fara gangarowa. A kan baƙin jikin bishiya da sai an lura za a gan shi. A kan farin da Kawu ya zaɓa da bakinsa, ko daga bakin titi ana gani.

"Yaya, mu je," in ji Kawu, ya kamo gwiwar hannun Mama. "Zafin fitilun nan zai tayar miki da jini."

Ta zame hannunta ba tare da ta dube shi ba. Ta matsa gaba har hancinta ya kusa taɓa zanen. Ta bi kututturan da ido, ta bi bishiyar daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan koren da ke gindinta.

"Alamar Baba ce," ta ce a hankali. "An sare komai an bar ta." Ta juyo. "Ƙarami, wa ya mutu a gindinta?"

"Zane ne fa, Yaya. Shirmen yarinya ne, daga kanta ta ƙago."

"Na san duk waɗanda aka bari, wannan ba ta cikinsu. Kai kuma ka ce ba ka taɓa rasa mutum ba." Ta dubi 'yarta. "Daga kanki kika ƙago?"

Guduma ya matso bayan Auta, ta ji yatsunsa sun kama karyayyen hannun ta cikin bandeji suna matsawa. Zafin ya hau har ƙwaƙwalwarta. Ta buɗe baki da ƙarfi yadda duk zauren zai ji.

"Da idona na gan ta, Mama. A dajin da Yaya yake gadi."

Duk zauren ya waiwayo. Guduma ya saki hannun, don idanu sun yi masa yawa. Mama ta dubi bandejin 'yarta, ta dubi naɗin da ke damtsen Guduma, ta sauke ido kan zoben da ke yatsan ƙanenta, sannan ta mai da shi kan tsagar kuncin Auta. Ba ta yi gaggawa ba. Gumi ya fara tsattsafo wa Kawu a goshi.

"Ka zauna a ɗakina," in ji Mama, "ka ce min ɓarawo na haifa. Na cire hotonsa kana kallo. Kai ka riƙe min kujerar da na taka."

"Yaya, ki saurare ni, ba a nan ba…"

Ta juya ga zanen. Mai zauren ta yi yunƙurin cewa ba a taɓawa, amma ta makara. Mama ta danna babban yatsanta a kan alamar. Fentin bai bushe ba, tina da zafin fitila sun bar shi da laushi, yatsan ya fito jajir. Ta tako zuwa gaban ƙanenta. Ya fi ta tsawo nesa, amma ya tsaya ƙyam kamar an dasa shi. Ta ɗora yatsan a ƙirjin farar rigar ta ja layi zuwa ƙasa, da ƙarfin da ya sa shi tangaɗi. Ta koma ta ƙaro fenti ta ja na biyu. Sannan ta dangwala ɗigo a tsakani, ta murza shi sosai har ya ratsa yadin.

Ta goge yatsan a sabon kayanta. Ta zo ta kama hannun Auta na hagu, mai lafiyar, ta riƙe gam. Sai a lokacin muryarta ta karye.

"Kin gane hanyar?"

"Na gane, Mama."

"To mu je. Kai ni wurin ɗana."